Mai Maki 219 Ya Shige, Mai 254 Yana Gida: Ina Gizo Ke Saƙa?

Yara biyu ne 'yan unguwa ɗaya a cikin garin Bauchi. Sakandare ɗaya suka yi, sai dai ɗayan ya riga ɗayan gamawa da shekara guda. Dukansu 'yan asalin jihar Bauchi ne. A 2025 suka zauna jarrabawar JAMB, suka cike jami'ar tarayya ɗaya a matsayin zaɓin farko, kwas ɗin ma ɗaya, injiniyan gine-gine. Da sakamako ya fito, ƙaramin ya ci maki 254, babban ya ci 219. Da aka soma ba da gurbin karatu, mai 219 ya samu. Mai 254 shiru. Aka fitar da jeri na biyu, nan ma shiru.

Mai 254 ɗin ɗan yayata ne, Autanta. Na san irin wahalar da ya sha. Watanni ya yi yana tashi kafin asuba yana bitar tsofaffin tambayoyi da hasken tocila, da yamma kuma ya hau keke ya tafi darasi a Yelwa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne a kasuwar Muda Lawal, da guminsa ya biya kuɗin rajista da na darasi. Saboda haka da shirun ya yi tsawo, gidan ya yanke hukunci tun ba a yi shari'a ba.

"An sayar da gurbin yaron nan," in ji yayata. "Mu da ba mu da kowa, me za mu ce?"

Har wani ya zo ya ce ya san wanda zai yi hanya in an kawo abin goro mai kauri. Alhaji, mahaifin yaron, ya fara lissafin buhunan da zai karyar. Na ce masa, "Yaya, kafin a fitar da ko sisi, a bar ni in bi sawun abin nan daki-daki. In zalunci ne, gara mu san inda aka yi shi, mu kai ƙara da hujja a hannu." Ya ce, "To, Malam, ga ka ga ɗanka."

Makin na gaske ne?

Tambayar farko ba ta da daɗin yi, amma dole a yi ta. An sha kama yara da takardar sakamakon bogi, wasu su suka haɗa abinsu don tsoron faɗan gida, wasu kuma 'yan damfara ne suka karɓi kuɗinsu da alkawarin ƙara musu maki. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce, a tura saƙo zuwa 55019 daga layin wayar da aka yi rajista da shi.

Na ce, "Auta, kawo wayarka."

Ya sunkuyar da kai. "Kawu, ai ba da layina aka yi ba. Na Yaya ne. Lokacin ban da waya."

Yayan nasa yana bautar ƙasa a kudu. Muka kira shi, ya tura saƙon, ya turo mana amsar: 254 cif. Yaro bai yi ƙarya ba. Amma maganar layin nan ta tsaya mini a rai, na ajiye ta gefe.

Akwai dalili na biyu da ya sa mutane ba su yarda da alƙaluman shekarar ba. A ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, aka sake musu jarrabawa. Yayata ta riƙe wannan gam. Sai dai cibiyoyin da abin ya shafa suna Legas ne da jihohi biyar na kudu maso gabas. Bauchi ba ta ciki. Kuma tangarɗar rage maki ta yi wa yara, alhali shi Auta ba ƙarancin maki ne damuwarsa ba. Wannan ƙofa ta rufu.

Ko makin ne bai kai ba?

A nan iyaye da yawa ke ruɗewa. A taron da ake yi kowace shekara tsakanin hukumar da shugabannin manyan makarantu, an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a na 2025, da 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Uba yana jin haka a rediyo sai ya ce ɗana ya ci 180, ya haye. Ba haka ba ne. Wannan adadi iyaka ce da ba a yarda jami'a ta sauka ƙasa da ita ba. Kowace jami'a tana iya ɗaga nata, kowane sashe kuma nasa makin yana hawa gwargwadon yawan masu nema da ƙarancin kujeru. Likitanci, lauya, aikin jinya da harhaɗa magunguna su ne suka fi zafi. Ɗalibi kan ci 270 ya rasa likitanci, ba don an cuce shi ba, sai don hukumar da ke kula da aikin likita ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka haka sau da yawa.

Da kwas daban-daban yaran biyu suka nema, da a nan bincike ya ƙare. Amma layi ɗaya suka shiga. Kuma 254 ba ƙaramin maki ba ne. Cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar a shekarar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba. A alƙaluman farko da hukumar ta fitar, waɗanda suka kai 250 ba su cika kashi 5 cikin 100 ba. In 219 ya wadatar a wannan sashe, babu yadda za a yi 254 ya gaza.

Ko rabon jihohi ne?

Wani maƙwabci da ya ɗan san kan abin ya ce ai kason jihohi ne ya ci shi. Gaskiya ne jami'o'in tarayya ba da maki kaɗai suke rabon gurbi ba. Kashi 45 cikin 100 na zaƙaƙurai ne daga ko'ina a ƙasar. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Bauchi kuma tana cikinsu. Wannan tsari shi ke sa wani lokaci ɗan wata jiha mai maki da yawa ya rasa, ɗan wata mai ƙasa da shi ya samu.

To amma ɗan Bauchi da ya nemi jami'ar tarayya a yankinsa ƙofa uku ce a buɗe gabansa, ba ɗaya ba. Na ɗauko silif ɗin rajistar yaran biyu na jera. Jiha: Bauchi, Bauchi. Ƙaramar hukuma: Bauchi, Bauchi. Shekaru: dukansu sun haura 16 da ake buƙata. Duk ƙofar da ta shigar da abokin ta isa ta shigar da Auta kafin shi.

Ko darussan ne ba su dace ba?

Wannan ramin ya cinye yara masu yawa. Darasi huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin ne ke zaɓa maka su, ba kai ba. Mai neman injiniya sai Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Mai neman likitanci sai Bayoloji da Fiziks da Kimistiri. Yaron da ke tsoron Fiziks ya musanya shi da Aikin Gona don ya tara maki, ya tara ɗin kuwa, amma makin ba zai kai shi injiniya ba ko da 300 ne. Na duba silif ɗin Auta da fargaba. Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri. Daidai.

Tantancewar jami'a fa?

Bayan JAMB akwai matakin da jami'a ke yi da kanta. An taɓa soke shi a 2016 zamanin da Malam Adamu Adamu, ɗan jihar nan, yake ministan ilimi, aka dawo da shi a 2017. Wasu jami'o'in sabuwar jarrabawa suke yi, wasu kuma makin JAMB suke haɗawa da darajar sakamakon sakandare su fitar da jimla. Wanda bai yi rajistar wannan ba, ya fita daga lissafi.

"Na yi, Kawu," in ji shi, ya miƙo mini takarda. Ga rasit, ga hotonsa, ga sakamakon WAEC ɗinsa a jere a shafin jami'ar: kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da wasu uku. Na kwatanta da na abokin. Na Auta ya fi kyau.

A nan na tsaya cak. Maki ya fi, sakamakon sakandare ya fi, jiha ɗaya, darussa daidai, tantancewa an yi. A daren ni kaina na fara jin maganar yayata tana da nauyi. Amma akwai wuri ɗaya da ba mu leƙa ba, kuma shi ne ainihin inda ake ba da gurbin.

Ɗakin da ba a taɓa buɗewa ba

Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa wani tsari a intanet da ake kira CAPS. Ta cikinsa kaɗai gurbin karatu ke zama halastacce. Jami'a tana zaɓar ɗalibai daga jerin da tsarin ya nuna mata, ta tura wa hukumar, hukumar ta amince, sannan ɗalibi ya shiga shafinsa ya danna cewa ya karɓa. Duk gurbin da aka bayar ta bayan wannan tsari hukumar ba ta san da shi ba, kuma mai shi yakan gane haka ne a makare, ranar da aka zo tura sunaye bautar ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mai alkawarin yin hanya ko dai kuɗin zai cinye, ko ya jefa yaro cikin wata masifar.

Na ce, "Auta, buɗe mini shafinka na CAPS."

Ya dube ni. "Kawu, ni a shafin jami'a nake dubawa kullum."

"Imel ɗinka da kalmar sirri fa?"

"Mai shagon da ya taimaka mini ne ya buɗe imel ɗin. Ya rubuta mini a takarda, ta ɓace."

Ashe tun watan Fabrairu da aka yi rajista, yaron da ya haddace dokokin Newton bai taɓa shiga shafin da makomarsa ke ciki ba. Maganar layin da na ajiye gefe ta dawo. Sabunta kalmar sirri sai da layin da aka yi rajista da shi, layin kuwa yana aljihun yayansa a wata jiha. Muka sake kiran yayan, ya tura saƙon da ake turawa, muka samo hanyar shiga. Washegari muka nufi wata cibiyar jarrabawa da hukumar ta amince da ita, don a duba a gaban wanda ya san aikin.

Matashin da ke kan kwamfuta ya buɗe shafin, ya danna wurin sakamakon sakandare, ya juyo da fuskar na'urar wajena.

"Baba, kun ga matsalar. Bai ɗora sakamakonsa ba."

Gaban kowane darasi, inda ya kamata a ga daraja, haruffa biyu ne kawai, A da R, alamar cewa mai wannan shafi yana jiran sakamako.

Auta ya miƙe tsaye. "Wallahi na ɗora! Ga takardar!"

"Ƙanena, wannan na jami'a ne. Na JAMB daban yake. Shafi biyu ne, kowanne sai an kai masa nasa."

Yadda abin ya faru

Daga nan komai ya warware. Ana rajistar JAMB a farkon shekara, a yi jarrabawar a watan Afrilu zuwa Mayu. WAEC kuwa sai a Yuni ake gama ta, NECO ta biyo baya, sakamakonsu ba ya fitowa sai Agusta da Satumba. Ɗan aji shida na sakandare ba shi da abin da zai nuna ranar rajista, don haka aka ba shi damar cikewa a matsayin mai jiran sakamako, bisa sharaɗin in ya fito zai koma cibiyar da aka amince da ita ko ofishin hukumar a ɗora masa. Hukumar ta sha nanata cewa wanda bai ɗora ba, ba za a duba shi ba. Na'ura ba ta san yaro ya ci kiredit bakwai ba in ba a nuna mata ba. A wurinta Auta bai gama sakandare ba, don haka bai cancanta ba. Kamar fasinja ne da ya biya kuɗin mota ya zauna a tasha, amma ba a rubuta sunansa a takardar fasinjoji ba. Ba wanda ya ƙwace masa kujera, ba a dai kira shi ba.

Abokin fa? Amsar tana cikin abin da kowa a unguwar ya sani ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci: ya riga Auta gama sakandare da shekara guda. Karo na biyu ke nan yana zama jarrabawar. Ranar rajista sakamakonsa yana hannunsa, aka ɗora nan take. Bai fi Auta ƙoƙari ba, bai kuma san kowa ba. Takardunsa ne suka cika.

Akwai kuma abin da ya ƙara rikita lissafin shekarar. WAEC ta fitar da sakamako a farkon Agusta, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen makin wasu takardu, ta gyara. Waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi suka tashi daga kashi 38 da 'yan kai zuwa kusan kashi 63. Auta ya jira ƙura ta lafa. Da ta lafa, shafin tantancewar jami'a ne ke gabansa, ya garzaya shagon intanet ya cike, ya ga darussansa sun fito a takarda, ya ɗauka an gama.

Aka ɗora sakamakon cikin 'yan mintuna. Sai dai makonnin da aka ɓata ana zargi da neman wanda ya san wani sun riga sun tafi da abin da ba ya dawowa. Kujerun sashen sun cika. Abin da ya biyo baya tayin wani kwas ne na kimiyya a jami'ar, ta cikin CAPS. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Alhaji ya zaunar da ɗansa ya ce, "Auta, ka zaɓa da kanka, ko ka karɓa ko ka sake." Ya karɓa.

Abin da ake kira shiri

Abin da ke ci mini rai shi ne, Auta ba shi kaɗai ba ne, kuma mafi yawan irinsa ba sa gano dalili. Sukan zauna da yaƙinin cewa an zalunce su, su faɗa wa ƙannensu karatu ba ya biya sai da dogon hannu. Ba na musun ana son kai a ƙasar nan. Amma duk yaron da ya rasa gurbi saboda takarda, aka gaya masa rashin gata ne, an cuce shi sau biyu: ya rasa shekara, an kuma kashe masa zuciya.

Shirin wannan jarrabawa gida biyu ne, mu kuwa ɗaya muka sani. Gidan farko shi ne karatu. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 na kowane darasi cikin ukun, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda ya saba warware lissafi a natse ba agogo a gabansa, lokaci zai yi masa halinsa. Hukumar tana da manhajar kowane darasi a shafinta kyauta, ita ya kamata a bi, ba jita-jitar masu cewa sun ga tambayoyi ba. Akwai littafin labari da ake sa wa masu jarrabawar Turanci, a 2025 The Lekki Headmaster ne na Kabir Alabi Garba, kuma maki ne na araha ga wanda ya karanta shi da kansa. Tun 2015 kuma da kwamfuta ake jarrabawar gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa zama gaban na'ura ba sai ranar, hannunsa zai yi rawa ko da amsa tana kansa. Jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gasken don irinsa aka yi ta.

Gida na biyu shi ne takardu, kuma shi ne wanda ba a koyarwa a aji. Suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a lambar NIN da WAEC da JAMB. Layin waya ya zama na ɗalibin, ya riƙe shi har ya gama jami'a. Imel ya buɗe da hannunsa, kalmar sirri a rubuta a ba uwa ta adana. A karanta ƙa'idar kwas kafin a zaɓi darussa. Sakamakon sakandare na fitowa a kai shi wuri biyu, shafin hukumar da na makarantar. Daga nan a riƙa leƙa CAPS a kai a kai, domin tayin gurbi yana da wa'adi.

Zaɓin makaranta ma shiri ne. Jihar nan ba ta rasa ƙofofi ba. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka kafa a 1980, da harabobinta a Yelwa da Gubi. Ga Jami'ar Sa'adu Zungur ta jiha mai mazauni a Gaɗau. Ga jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya a Azare da aka kafa a 2021. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, da ta Abubakar Tatari Ali, da kwalejojin ilimi na Azare da Kangere. Mai difloma ko shaidar malanta mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Yaro ya auna makinsa da idon basira, in bai kai kwas ɗin da ya so ba, akwai damar canza kwas ko makaranta tun da sauran lokaci.

Nauyin nan bai kamata ya tsaya kan yaro ɗan shekara 17 da mai shagon intanet ba. Kowace sakandare a Bauchi, ta gwamnati da ta kuɗi, ta ware malami guda da zai riƙe jerin ɗalibanta 'yan aji shida, ya bi su ɗaya bayan ɗaya bayan fitowar sakamako, ya tabbatar kowa ya ɗora, kowa yana iya buɗe shafinsa. Aikin makaranta bai ƙare ranar walimar yaye ɗalibai ba. Mu iyaye kuma, ko ba mu iya kwamfuta ba, muna iya cewa yaro ya buɗe ya nuna mana da idonmu. Duk wanda ɗansa ya ci maki mai kyau kuma shiru ya yi yawa, kada ya fara da neman wanda ya san wani. Ya kama hannun yaron su tafi cibiyar da aka amince da ita a buɗe shafin, tun kujeru ba su cika ba.